Kwanon Maƙwabta da Kujerar Sallata

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu 'yan ajinmu na sakandare sai in yi ta lalube. Amma shekarar da na ɗaura ɗamarar rage ƙiba, na ƙare da ƙara wa kaina da maƙwabtana biyu teɓa, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini haƙora ba zan manta da ita ba.

Ni dai Allah Ya jarabce ni da son abinci. Ba yunwa nake nufi ba, yunwa daban, abin da ke damuna daban. In na yi farin ciki in ci, in raina ya ɓaci in ci. In yara sun tafi makaranta, maigida ya fita, gidan ya yi tsit, sai in tsinci kaina gaban tukunya ina cewa, "Bari in ji gishiri." Kafin gishirin nan ya gama jiyuwa, rabin naman miya ya tafi. Maigidana kuma a kasuwar Singa yake sayar da kayan masarufi, duk katan ɗin da ya fashe wajen sauke kaya gida yake kwana: biskit, madarar gari, alewa. Shi ga shi kamar sillen kara, ya ci ya ƙoshi ya tashi abinsa. Ni kuwa ko ƙamshi na shaƙa sai ya je ya zauna mini a ƙugu.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na sha shayin rage ƙiba da ake talla a Bata, can bakin kasuwar Sabon Gari, ya yi ta murɗa mini ciki. Na sha ruwan zafi da lemon tsami har haƙorana suka mutu. Na bar tuwon dare. Kowanne sai in ɗan faɗa, in yi ta juyi gaban madubi, kafin a jima ƙibar ta dawo, kuma ba ita kaɗai take dawowa ba, da 'yan rakiya take zuwa.

Duk wannan da dariya nake ɗaukarsa, har ranar da gwiwoyina suka ce sun gaji. Na wayi gari in na durƙusa sai in ji kamar ana soka mini allura. Likita ta duba ni, ta ce, "Hajiya, gwiwar nan kaya ne ya yi mata yawa. In kin sauke mata, za ta yi miki biyayya." Daga nan na koma sallah a kan wata farar kujerar roba. Malamarmu ta Islamiyya ta ce babu laifi, addini sauƙi ne, ladana yana nan. Na yarda. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tun ina yarinya, in abu ya dame ni, a sujada nake zubar da shi, goshina a ƙasa, ina jin ƙamshin dadduma. Yanzu sai dai in sunkuyar da kai a iska. Ba kyan jiki nake nema ba, ba kuma zanin amarcina nake so ya sake zagaye ni ba. So nake kawai goshina ya koma ƙasa.

Sai na zauna na ƙulla wata dabara da na ɗauka babu irinta. Tunda hannuna ba ya iya dafa kaɗan, zan ci gaba da girkina yadda na saba, in zuba wa maigida da yara, in ɗebi ɗan cokali biyu, sauran kuwa in miƙa wa maƙwabta. Ga rage ƙiba, ga ladan ciyarwa. Har yabon kaina na yi.

Gidanmu a Fagge a tsakiyar gida biyu yake, katanga ce kawai ta raba mu, gajeriya, in kika taka turmi kina ganin tsakar gidan maƙwabciya. A dama akwai Hajja, 'yar asalin Barno, mai haɗa turaren wuta da humra. A hagu kuma Iya, Bayarabiya haifaffiyar Fagge, mai shagon manja da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari. Duk sun girme ni, kuma mun yi zaman amana. Ban gaya wa ko ɗaya abin da nake ciki ba. Kunya nake ji a ce gandamemiyar mace kamata, tukunya ta fi ƙarfinta.

Abin da na manta shi ne abin da kowace yarinyar layin nan ta sani tun kafin ta iya ɗaura zani: ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa wayam.

Ranar farko na taka turmi na miƙa wa Iya dambun shinkafa, na miƙa wa Hajja. Na zauna ina jin kaina sakayau. La'asar ba ta yi ba na ji muryar Iya, "Ƙanwata, karɓi kwanonki!" Na buɗe, sai ga amala tana tururi, ga miyar agushi a wani ɗan kwanon daban, ganda da kifi sun yi mata rumfa. Ban gama salati ba Hajja ta ƙwanƙwasa nata ɓangaren. Burabisko ne da danderun kaza, naman nan da suke turarawa har ƙashi ya yi laushi.

Na jera su a gaba ina kallo. Zubarwa dai almubazzaranci ne. Mayarwa cin fuska ne. Yara sun ƙoshi. Kuma gobe Iya za ta leƙo ta ce, "Yaya miyar?" ni kuwa ba na ƙarya, dole in ɗanɗana. Kun dai san ɗanɗanona. Yanzu da nake ba ku labari na san gaskiya: babu ko ɗaya cikin hujjojin nan da ya kai yawun da ya tsinke mini ƙarfi. Kwaɗayi ne ya sa hijabi ya zo mini da wa'azi.

Ga wata sabuwa kuma: kwanukan miyarsu yanzu suna hannuna, ni ma ba zan mayar wayam ba. Washegari na soya waina da miyar taushe. Kwano ya dawo mini da sakwara. Na yi funkaso, ya dawo da soyayyar agada da alale. Da abin ya ishe ni, sai na ƙara wata dabarar: in miƙa wa Hajja abincin Iya, in miƙa wa Iya na Hajja. Ai kuwa sai kowacce ta ga kwano biyu sun shigo mata, ta mayar da biyu. Katangar nan ta koma kamar tashar mota, wannan na sauka wannan na tashi. Maigida ya ce, "Wai ni biki ake a layin nan ba a gaya mini ba?" Na ce zumunci ne. Ya ce, "Allah Ya ƙara danƙon zumunci," ya ja danderu gabansa.

Haka muka yi watanni. Abin dariyar, ni a raina rage ƙiba nake yi, tunda abincin gidana cokali biyu nake ci. Na maƙwabta kuwa ban sa shi a lissafi ba, ai kyauta ce.

Ana nan 'yar Iya da ke aure a Sabon Gari ta haihu, muka tafi suna mu uku. Gida ya cika maƙil, kujeru duk an hau. Da aka kira la'asar mata suka shimfiɗa dadduma a wani ɗaki. Na duba babu kujera, kuma na ji nauyin in tayar da baƙuwa a gidan surukan mutane. Sai zuciyata ta ce, ke da kika daɗe kina rage ƙiba, gwada mana. Na tayar da sallah a tsaye. Na yi ruku'u lafiya. Na tafi sujada, gwiwa ta yi ƙara, amma na isa. Wayyo daɗi! Goshina ya taɓa ƙasa, hawaye suka zubo mini.

Sai tashi. Na yunƙura, shiru. Na sake yunƙurawa, ko gezau. Ina nan a durƙushe, waɗanda muka tayar tare suka sallame, wasu suka shigo suka yi tasu suka fita. Ina jin wata tsohuwa tana cewa, "Masha Allah, baiwar Allah nan akwai ibada. Hajiya, a sa mu a addu'a." Ni kuwa addu'ata ɗaya ce a lokacin: Ya Rabbi Ka tashe ni.

Da ƙyar na mirgina gefe na zauna, na ƙarasa sallata a zaune. Ina sallamewa na ga Hajja tsaye a kaina, ta gane. Ta rufo ƙofa, ta kira Iya. Wannan ta kama hannun dama, wannan ta kama na hagu.

"Bismillahi, taso!" in ji Hajja.

Muka taso tare, muka koma tare. Gwaggwaron Iya, da ta ɓata safiya tana ɗaurawa, ya faɗo ya rufe mini fuska.

"Ƙanwata," in ji Iya tana haki, "buhun gishiri kika haɗiya ne?"

"Ke ma ai ba ki da ƙarfin da," in ji Hajja. "Dubi yadda kike numfashi kamar injin markaɗe."

A karo na gaba dai Allah Ya taimaka na miƙe. Muka fito muka tsayar da adaidaita. Mai adaidaitar ya dube mu, ya dubi tayarsa, ya yi salati a hankali. Muna hanya abin ya ci ƙarfina, na fashe da kuka. Na gaya musu komai: likita, kujera, da dalilin kwanukan nan.

Iya ta buga cinya. "La'ilaha illallahu! Yanzu duk wahalar nan magani kike sha? Ni fa na zaci gasa kike da ni! Da rana tsaka nake rufe shago in zo in daka sakwara, don kada a ce Bahaushiya ta kunyata ni."

"Ni kuwa cewa na yi maigidanta ya samu buɗi, ba ta son faɗa," in ji Hajja. "Wainarki ta sa sugana ya hau, likita har faɗa ya yi mini. Na ce masa maƙwabciya ce, ya zan yi da ita?"

"Zannuwana duk sun ƙi haɗuwa," in ji Iya. "Na ce wa tela shi ne ya cuce ni a yadi."

Kukana ya koma dariya, muka yi ta yi har mai adaidaita ya taya mu. Amma da muka sauka a bakin layi, Hajja ta riƙe hannuna, fuskarta babu wasa. Ta ce, "Shekara nawa muna tare, kina sallah a kujera ba mu sani ba? Katangar nan gajeriya ce, ke kika ƙara mata tsawo."

Maganar nan ta fi ciwon gwiwar shiga jikina.

Na ce to a daina kwano kawai. Iya ta ce, "A'a. Abin da muka gada ba za a kashe shi a kanmu ba. Ba a ce kada kwano ya koma wayam ba? To, ai ba a faɗi abin da za a zuba ba."

Washegari na miƙa ɗan kwaɗon zogale, rabin kwano. Na Iya ya dawo da yalo da gurji. Na Hajja ya dawo da 'yan ƙwayoyin dabino da tsinken turaren wuta. Na kalle su, wallahi sai da na ji kewar danderu har cikin raina.

Ba kwanon kaɗai suka canza ba. Iya ta ce kullum da safe in raka ta shago a ƙafa. Farkon fitarmu ban kai Bata ba na nemi dakali. Tana tsaye a kaina tana cewa, "Tashi, Hajiyar sujada, mutane na jiran addu'a." Hajja kuma ta ce duk sanda gida ya yi mini shiru na ji tukunya na kirana, in buga katanga. Sai ta ce in zagayo, ta ajiye mini turmin dakan kayan turare. Hannun da ke ƙamshin sandal ba ya son shiga miya. A nan na gane rabin cin da nake yi, shirun gida nake ci. Maigida ma da ya ji labarin, ya daina kawo fasasshen katan, ya koma rabar da shi a kasuwa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya miƙe ba. Babbar Sallah ta zo, soyayyen nama ya mayar da ni baya. Bikin ƙanwata ya zo, na sake komawa. Akwai ranar da Hajja ta leƙo ta same ni da ƙanzo a hannu, ta ce, "Gishiri ake ji?" Na ajiye ina hararar ta. Bambancin kawai, da in na faɗi sai in ɓoye in ƙara da wani faranti, yanzu kuwa akwai masu kama ni dama da hagu.

Sai wata azahar, ranar da ba ta da wani suna, ni kaɗai a ɗaki. Na ture kujerar gefe, na tayar da sallah. Na yi sujada, na daɗe, wannan karon da gangan. Na dafa ƙasa na ce Allahu Akbar, sai ga ni a tsaye. Ina sallamewa na fita tsakar gida na taka turmi, sai kawai na ce, "Na tashi!" Iya ta rangaɗa guɗa, Hajja ta ce, "Alhamdulillahi."

Kujerar tana nan a bayan ƙofa, ban ba da ita ba. Wasu ranakun gwiwa kan tuna mini da ita, kuma har gobe ina son abinci kamar yadda nake sonsa. Abin da na koya shi ne, kwaɗayi ya iya shigar mutanen kirki, zai zo miki da sunan sadaka, da sunan kara, da sunan gudun almubazzaranci. Kuma yaƙin da kika ɓoye wa masu ƙaunarki, su za su yi ta kai wa abokin gabarki makami, da zuciya ɗaya, suna murmushi.

Jiya ma kwanon Iya ya tsallako. Yalo ne a sama kamar kullum, amma da na ɗaga, sai ga tsokar nama guda ɗaya ta ɓuya a ƙasa. Iya dai ba ta iya rowa ba. Na yi bismillah na cinye, na wanke kwanon, na tashi na shimfiɗa daddumata a ƙasa.