Ranar da na koya wa manoma gyaɗa

Shekara da shekaru, a majalisarmu ta ƙofar shagon aminina tela a Gaya, ni ake tambaya littafin da za a karanta. Litattafan labari nake tarawa, na soyayya da na jarumta, kwali biyu cike. Aminin nan nawa ba ya buɗe littafi sai na ce masa yana da daɗi. Ban san ina ji da wannan matsayi haka ba sai da wani ya zo.

Malamin kimiyya ne da ke koyarwa a Ajingi, surukin maƙwabcinmu. Duk Juma'a yakan zo a babur da littafin Turanci a aljihu, irin masu bayanin taurari da ƙwayoyin cuta da yadda hadari ke haɗuwa. Ba shi da cika baki, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don ban samu abin kamawa ba. Idan ya fara bayani cikin Hausa mai sauƙi, majalisa tsit take yi, har aminina ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Ni duk labaran da na bayar, yana ɗinki yake saurare.

Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Rannan na kai wa aminina sabon labari, ya ce, "Ajiye min nan, mutumina, sai na gama na Malam." Na yi murmushi, amma raina ya ɓaci sosai.

Sai na ari littafin Malam ɗin daga hannun aminina, wani kan tsirrai. Kwana uku ina fama da shi da ƙamus. Ni ma'aikacin ofis ne, gonarmu ƙanena ke kula da ita, rabona da cirar gyaɗa tun ina firamare. Na tsinci wani babi da ke cewa saiwar gyaɗa tana da ƙananan ƙulle-ƙulle, a cikinsu akwai wasu halittu masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Na ce to, na samu abin da zan rufe bakin kowa da shi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin Malam ya iso, na gyara zama na fara. Da na ga ana saurare sai daɗi ya ɗebe ni, na ƙara da nawa: na ce ƙulle-ƙullen nan su ne ke girma su zama gyaɗar da muke ci.

Akwai wani dattijo manomi daga Kademi da ya zo karɓar ɗinkinsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin furen gyaɗa? Daga nan tsinke ke fita ya soki ƙasa, a bakinsa ƙwanso ke fitowa. Ko jikata ta san wannan." Majalisa ta fashe da dariya, don duk manoma ne in ban da ni.

Ashe Malam ya iso, yana tsaye bayana. Ya ce, "Baba ya yi gaskiya, amma maganar ƙarfin ƙasa da abokinmu ya kawo daidai ce." Wallahi da dariya ya yi min da ta fi min sauƙi.

Aminina dai ɗinkinsa ya ci gaba da yi ranar. Bayan mako guda na biya shagon, sai ya miƙo min litattafaina shida da ke wurinsa, an ɗaure su da ƙyallen atamfa. Ya ce, "Riƙe su a gida, mutumina, kada ƙura ta ɓata maka su." Na leƙa kantar da suke zama a kai, saman tarin zare. Litattafan Malam uku ne jere a wurin.

Na ce masa na gode, na ɗaure su a bayan babur na tafi.