Laimar Kwaɗi a Ƙofar Gidanmu

Shekarar da na kawo mahaifiyata Doha aka yi mata aikin gwiwa, likita ya ce saura abu ɗaya: ta riƙa tafiya kullum, in ba haka ba ƙafar ta sanƙare. A gaban gidanmu na unguwar Ain Khaled akwai ɗan filin ciyawa da ake ba ruwa safe da yamma. Nan kaɗai Inna take yarda ta taka, don ta ce tayil ɗin gidan santsi gare shi.

Wata safiya cikin sanyi muka tarar laimomin kwaɗi sun tsiro a tsakiyar ciyawar, farare tas, sun yi da'ira kamar an kifa faifai an zana. Inna ta ja ta tsaya.

"Masu wuri sun yi zama a nan," in ji ta. "Mayar da ni ciki."

Aljanu take nufi. Kwana uku ba ta leƙo waje ba, gwiwar ta fara ƙin lanƙwasuwa, hankalina ya tashi. Ni kuwa ilimin tsirrai nake koyarwa, kuma ba na son a fi ni sani. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla: abin zare-zare ne a ƙarƙashin ƙasa, in ya cinye abincin tsakiya sai ya miƙa gefe, shi ya sa yake fitowa a kewaye.

"To, malam, ka gama?" Abin da ta ce ke nan.

Raina ya ɓaci. Na tafasa ruwa a tukunya zan je in ƙone laimomin kowa ya huta. Sai ga Inna ta tare ƙofa da sandarta.

"Ruwan zafi a ƙasa, a kan 'ya'yan mutane? A garin da kai ma baƙo ne?"

Na ajiye tukunyar. A nan na lura daga ɗakinta har ƙofa ta zo da ƙafarta, ba mai riƙe ta.

"To Inna, tunda maƙwabta ne, ai ya kamata a gaishe su."

Ta harare ni, amma washegari ta fita. Ba ta taɓa taka cikin da'irar ba. Kullum sai ta yi sallama, ta kewaye ta daga waje tana jan carbi, har gwiwar ta saki.

Daga baya ta koma ƙasarmu ba sanda. Ni da bayanina muna nan daram, da'irar ma tana ƙara faɗi duk shekara kamar yadda na faɗa. Amma har yau ba na ratsa ta, zagayawa nake yi.