Kwana Uku a Ruwa

Akwai wani wari da sabon yadi yake yi idan ya taɓa ruwa, warin sitaci da rini. Ban san ko kun taɓa lura da shi ba. Shi ya tare ni jiya da safe a banɗakinmu, hawa na goma sha ɗaya a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, sai na ga kaina ina shekara tara, tsugunne gaban daro a tsakar gidan Kaka, yatsuna sun yi fari fat don sanyi.

Ƙauyenmu yana kan tsaunin Filato, inda a tsakiyar damina sanyi yake shiga har ƙashi. Kaka, mahaifiyar babana, ba ta taɓa sayen bargo ba, ɗinkawa take yi. Duk rigar da ta mutu a gidan, duk zanin da ya gaji da ɗauri, buhunta yake komawa. Ta yayyanka su kamar faɗin tafin hannu, ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, ta haɗa su da allura. Idan ka kwanta a ciki za ka iya nuna kowa da yatsa: ga wandon Baba, ga kallabin Goggo, ga rigar bikin Kirsimetina da na yi wa girma.

Tsummokaran gida ba sa isa, don haka ranar kasuwa takan karɓo ragowar ƙyallaye wurin tela, sababbi fil. A nan wahalata take. Kaka ba ta yarda sabon ƙyalle ya kusanci tsoho sai ya kwana uku a ruwa, kullum a sauya, a cuɗa, a matse. Ni ce mai sauyawa. Ƙawayena suna can suna wasan gaɗa, ni ina nan hanci na zuba. Rannan na gaji na ce, “Kaka, ai sabo ne, ba shi da datti.”

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Ba datti nake wankewa ba, girman kai nake cire masa.”

Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da suke yi don su hana yaro sakat. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Da ta rasu ina nan Kuala Lumpur, karatu ya riƙe ni, daga baya aiki ya karɓa. Ban je jana'iza ba. Goggo ta aiko mini da abu guda, zanin da Kaka take ɗaurawa zuwa zumuntar mata a coci, atamfa mai ruwan ƙasa, wanki ya sa ta laushi kamar auduga. Shekara goma sha biyu yana ƙasan akwati. Nakan buɗe in duba, in mayar.

Bara likita ya ce in nemi abin da zai raba ni da tunanin ofis, sai na shiga ajin haɗa ƙyallaye da wata dattijuwa 'yar Malay take koyarwa ranar Asabar. Ranar farko na kusa yin dariya. Mata masu kuɗinsu suna sayen yadi lafiyayye su daddatsa shi, sannan su sake haɗawa, wai nishaɗi. Da Kaka ta gani da ta ce an sami wuri. Amma ban daɗe ba ni ma na kamu. Ga wuƙa mai taya, ga ma'auni, ga keken ɗinki mai lantarki, abin da Kaka take yi a damina guda sai ka gama shi a mako biyu.

'Yata tilo za ta tafi jami'a a wata ƙasa mai sanyi ƙarshen watan nan. A nan ta tashi. In yi mata Hausa ta amsa da Turanci, in ta ga dama ta ƙara da Malay. Ba ta san Kaka ba sai a hoto. Na ce to, ko ba ta tafi da harshen ba, ta tafi da zanin. Na fito da shi, na rufe ido na sa almakashi, na haɗa shi da sababbin yadudduka masu kyau da na sayo.

Malamar ta tambaye ni, “Kin wanke sababbin, ko?” Na ce na wanke. Ƙarya na yi. Na dawo daga aiki ne a tsaye cikin LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ƙafafuna sun kumbura, lokaci yana ƙurewa, na ce wa zai tsaya jiƙon kwana uku a wannan zamani.

Da na gama fuskar bargon, sai na jefa shi injin wanki. Abin da na ciro ba na son tunawa. Sabon yadin ya sha ruwa ya tsuke, ya ja tsohon ta kowane gefe, zanin Kaka ya kece a bakin ɗinki, layi bayan layi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ni kuwa ga ni hawa goma sha ɗaya. Na zauna a ƙasa gaban injin na yi kuka, irin wanda ban samu na yi ba lokacin rasuwarta. Wallahi na gaji, ba da ɗinkin kaɗai ba.

'Yata ta same ni a haka. Na ba ta labarin daro da kwana ukun, karo na farko, don ban taɓa ganin abin faɗa ba ne. Ta saurara, ta tashi ta shige ɗakinta. Na ce a raina shi ke nan, waya ta kira ta. Can sai ga ta da shuɗin siket ɗin makarantarta, wanda na wanke ya fi a ƙirga, ta ajiye mini a cinya tare da almakashi.

Da Hausarta mai ɗingishi, har da “lah” ɗin da 'yan Malay suke rufe zance da shi, ta ce, “Mama, wannan ba shi da girman kai lah.”

Ƙyalle bakwai muka tsira da su daga zanin Kaka. Na warware su da tsinin allura, na kewaye kowanne da siket ɗin, da hannu, don keke ya yi musu ƙarfi. Bargon ba zai kai girman da na so ba, da ƙyar zai rufe mata gwiwa idan tana karatu.

Yanzu komai akwai mai yi maka da sauri, abinci ma da waya ake kiransa ya zo har ƙofa, kuma ban ga mun huta ba. Yadin da zan sa a bayan bargon yana cikin bokiti, yau kwanansa biyu. Jirginta saura kwana tara. Da safe na shiga in sauya ruwan, na tarar an riga ni.