Kifin da Aka Kamo wa Inna

Da hantsin wata Alhamis a daminar 1943, in dai ƙwaƙwalwata ba ta yaudare ni ba, ina zaune a tsakiyar kwalekwalen Kawu Gado a kan babban tabkin Abijan, wanda muke kira lagin, da igiya naɗe a tafin hannuna na dama, ina karanta duk addu'ar da na iya. Shekaruna ba su wuce goma ba, ban iya iyo ba, kuma ban taɓa nisa da tudu haka ba. Rufin kwanon gidajen unguwar Tireshbil ya ƙanƙance a bayanmu, ruwan ya yi launin shayin da ba madara. Kawu yana ƙarshen jirgi yana tuƙi da filafili a hankali, kamar wanda ba shi da wurin zuwa, igiyar kuwa tana biye da mu can cikin ruwa. Na riga na fara tunanin cewa yau ma ba za mu sami komai ba, sai aka fizge hannuna da ƙarfin da ya kifa ni a kan bakin jirgi. Na ji Kawu ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Kada ka saki, ɗan Yaya. Abincin uwarka ne a can."

Ya kamata in koma baya kaɗan, don a san abin da ya kai ɗan mahauci tsakiyar ruwa. Gidanmu a unguwar Ajame yake, irin gidan hayar nan mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, mu da Julawa da Mosawa, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Babana mutumin Tawa ne, fawa ya gada, kuma wani dattijo da ake kira Maigida Arzika ne ya kawo shi Abijan ya ba shi tebur a kasuwa. Kafin yaƙi ban san ranar da aka ɗora tukunya a gidanmu babu nama ba. Aikina kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, shi ne wanke faranti da toka, da ɗebo ruwa a famfo, in na dawo kuma mu buga ƙwallon tsumma a bayan gida har a kira magariba. Da yaƙin Turawa ya yi tsanani sai shanu suka rage zuwa daga arewa, 'yan waɗanda suka iso kuma aka ce na soja ne. Daga baya na karanta bayanai iri-iri a kan dalilin haka, kuma ba zan ce ga wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na gani da idona shi ne mahauta zaune a ƙofar gidanmu suna wasa wuƙaƙen da ba su da abin yankawa.

A cikin wannan hali Inna ta haifi ƙanwata. Haihuwar ta zo da wuya, ta zubar da jini da yawa, in ta miƙe daga wankan jego sai an riƙe ta. Nono bai kawo sosai ba, jaririyar tana ta kuka da wata siririyar murya kamar ta mage. A al'adarmu mai jego kauri ake dafa mata, ƙafafun sa da yaji, ta ci har ta gaji, amma a gidan mahauci guda ba a sami ko ƙafa ɗaya ba. Kunun kanwa kawai take sha. Na ji ungozoma tana gaya wa matan gidan cewa in matar nan ba ta sami abin da zai mayar mata da jini ba, to a yi ta addu'a, ita da 'yar. Wataƙila ba ta san ina bayan randa ba.

Kawu Gado ƙanin Inna ne. Su Sarkawa ne na Gaya, ruwa suka gada, kuma shi kaɗai ne a danginmu yake zaune Tireshbil, a wata bukka kusa da gaɓa. Tsakaninsa da Baba akwai wasan mijin ya da ƙanin mata, amma mahautan ƙofar gidanmu sun mai da wasan raini. In ya zo gaisuwa sai Maigida Arzika ya toshe hanci ya ce ƙarni ya iso, ya ƙara da maganarsa da kowa ya haddace: "Abin da ba shi da wuyan yanka ai ba nama ba ne." Kawu ya yi dariya ya wuce. Ranar da ya ga yayarsa kwance bai yi dariya ba. Ya ce wa Baba ya ba shi aron yaro ranar Alhamis, tunda ba lakwal, domin irin kamun da zai yi sai da mutum biyu.

Jan cokali yake kiran kamun. Ya ce a wurin Turawan da ke fita shaƙatawa a jirgi mai inji ya gani, sai ya yi nasa. Cokalin ƙarfe ya samu ya yanke mariƙinsa, ya huda shi sama da ƙasa, ya ɗaura ƙugiya a huda ɗaya, igiya a ɗayar, da ɗan guntun dalma a gaba don ya nutse. Kullum sai ya goge shi da lemun tsami da toka har ya ɗauki ido. Ba a sa masa tana ko wani abinci. Ana sake shi ne a bayan jirgi, mai tuƙi ya yi ta tafiya, cokalin yana juyi yana walƙiya kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo, har babba ya biyo shi. In aka yi sauri cokalin ya taso sama, in aka yi sanyi ya kwanta cikin laka. Mun yi sammako daga Ajame a ƙafa, muka ratsa unguwar Turawa ina riƙe da gefen rigarsa don tsoron gardi, 'yan sandan Turawa, muka haye gadar nan mai iyo da ke lilo a ƙarƙashin ƙafa. Tun fitowar rana muke kai da kawowa a bakin wani wuri mai zurfi, har ƙafafuna suka yi tsami, kafin waccan fizgar ta zo.

Ba zan iya cewa ga tsawon lokacin da muka ɗauka muna fama da shi ba. A wurina kamar yini guda ne, amma yaro ba abin dogara ba ne a irin wannan lissafi. Igiyar ta yanka tafina, jini ya bi ta, Kawu ya jefo mini hularsa na naɗe. Bai karɓe ta nan da nan ba, don in ya ajiye filafili kifin zai juya jirgin ya kifar da mu. Yana ta ce mini in ya ja in ba shi, in ya tsaya in tattaro, kamar mai jan taurin sa zuwa mayanka, wannan kuwa na san shi. Da kifin ya gaji ya taso gefen jirgi, fari sol, da wasu dogayen gashi a ƙarƙashin wuya, sai Kawu ya soke shi da mashi ya mirgino shi ciki. Kaften ne, wanda Kawu ke kira giwan ruwan lagin ko da yake ya ce ba irin na Kwara ba ne. Da aka shimfiɗa shi ya kusa kai tsawona. Kawu ya dube shi ya ce za a dafa rabi, a ƙyafe rabi, zai kai Inna har bayan suna. Ni kuwa na yi ta kuka, ban san ko na zafin hannu ba ne ko na murna.

Mun rataye shi a gora muka ɗauko, yara suna bin mu tun daga gada. Da la'asar muka iso, kuma a nan muka yi kuskure, don ba mu tuna cewa kwanakin barka ne ba. Ƙofar gida cike take da mahauta da maƙwabta a kan tabarmi, Maigida Arzika a tsakiya. Mutumin da ke toshe hanci ya miƙe tsaye ya ce ikon Allah, wannan ai ɗan maraƙi ne. Kawu ya ce a fili, yadda kowa zai ji, "Na mai jego ne." Na ga Baba ya sunkuyar da kai. A wurinsu namiji ba ya wuce manyansa da abu mai kyau ya kai ɗakin matarsa, sai a ce ba shi da kunya, ko a ce mijin-ta-ce ne. Mahauci kuma ba ya shigar da nama gida sai ya fitar da na ubangida da na liman da na maƙwabci. Baba bai taɓa kiran sunana ba don ni ne ɗan fari, ranar ma cewa ya yi, "Kai yaro, ɗauko wuƙa da faranti."

Ban taɓa ganin fiɗa mai kyau irin ta wannan yamma ba, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Wata da watanni hannunsa bai taɓa nama ba, sai ya fiɗe kifin kamar sa, a tsanake, mutane suna yaba masa. Tsokar baya mai kauri ta tafi gidan Maigida Arzika. Ta ciki mai kitse ta tafi gidan liman. Aka cire na wanzami, aka cire na mai gidan haya, kan kuma aka ce haƙƙin ungozoma ne. Duk wanda ke kan tabarma sai da aka naɗe masa yanki a ganye, kuma ba wanda ya ce a'a, ba wanda ya ce a bar wa mara lafiya. Ni aka riƙa aika da farantan, da hannuna mai ciwo. Abin da ya shiga cikin gida wutsiya ce da ƙayar baya. Matan gidan suka yi farfesu da shi, Inna kuma, da yake ita ma 'yar kara ce, ta tura kwanon gaban matan da suka zo barka. Romo ta kurɓa, ina tsaye ina kallo.

Ba na son in zalunci mamaci. Babana mutumin kirki ne, bai taɓa dukan Inna ba, kuma na san a lokacin yunwa kowa na kan tabarmar nan yana da yara a gida. Na kuma san cewa wannan rabon ne ya riƙe baƙi irinmu a garin da ba namu ba, yau ka ba ni gobe in ba ka. Duk na auna wannan, na sake aunawa. Amma har yanzu ban sami ma'aunin da zai sa cikin dattijo mai lafiya ya riga na macen da ta zubar da jini ba. Kuma ban yafe musu yadda suka ci abin da suka shekara suna zagi ba, ba tare da ko ɗaya ya ce wa Kawu sannu da aiki ba. Kawu ya wanke gorarsa a famfo, ya tsaya gaban Baba ya ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari. Yau duk Ajame ta yi jego, ban da wadda ta haihu." Mutane suka yi dariya don sun ɗauka wasan da aka saba ne. Baba bai yi ba.

Washegari da yamma Kawu ya dawo da wata 'yar tukunya, an rufe bakinta da ganyen ayaba an ɗaure da jan ƙyalle. Ya tsaya a gaban tabarmar ya ce maganin nono ne na Sarkawa, daga kakarsu ya gada, kuma yana gargaɗi don Allah, namiji in ya ko lasa, ƙirjinsa zai kawo ruwa kafin Juma'a ta zagayo, macen da ba ta jego kuwa sai ta yi ta zuba har tsufa. Maigida Arzika ya janye ƙafarsa ya ba shi hanya. Magani ba a kara da shi, ba a tayi, don haka Inna ta cinye ita kaɗai a bayan labule. Ƙananan kifaye ne ya samo da taimakon wani maƙwabcinsa, ya dafa a Tireshbil da yaji da citta. Bai sake kama irin wancan kaften ba a wannan damina, wata rana ma 'yan biyu kawai ke cikin tukunyar. Daga nan aikin ya koma kaina, in na taso lakwal in ajiye allo in tafi bakin gada in karɓo.

Ina kyautata zaton Baba ya sani. Hancin mahauci ba ya kasa bambanta saiwa da kifi. Bai taɓa tambaya ba, amma in na tsaya wasan ƙwallo sai in ji ya ce, "Kai yaro, je ka karɓo maganin nan kada ya huce." Wannan ya fi komai ci mini rai da na girma, cewa sai da aka yi masa ƙarya ya sami hanyar ciyar da matarsa. Nono ya kawo kafin a gama wanka, ƙanwata ta rayu, ko da yake ta tashi 'yar ƙarama. Inna ta miƙe, amma jiri bai rabu da ita ba har ƙarshen ranta. Ni ba likita ba ne, ba zan ce kifi ɗaya zai canza wannan ba. Na dai san nata ne. Da na taɓa tayar da maganar bayan na gama karatu, cewa ta yi in bari, babana ya fita kunyar mutane, ita kuma ta sha magani.

Yanzu gadar mai iyo babu ita, an yi ta kankare, an kuma huda lagin ya haɗu da teku. Ruwan da ke gefen Tireshbil ya yi dauɗar da ba na jin cokali zai yi walƙiya a cikinsa. Jikokina sun fi jin Faransanci da Hausa, kalmar kara ma sai na fassara musu. Ina kewar tabarmar ƙofar gida, ba zan ɓoye ba, da zamanin da ba a cin abu maƙwabci bai ɗanɗana ba. Kwanan baya matar ɗana ta haihu, ina zaune a falo ya shigo da gasasshen kifi da aceke, dambun rogon nan, a leda, ya gaishe ni a tsaye ya nufi ɗakinta, ko tayi bai yi mini ba. Raina ya ɗan sosu, har na buɗe baki. Sai na dubi farin tabon da ke tafin hannuna. Na ce masa ya yi sauri kada ya huce.