Jitar da na yi ta kai wa gyara

Shekarun baya, tun ba a yanke mana jihar Katsina ba, ina da wata jitar lantarki mai tsirkiya huɗu, irin mai ƙatuwar muryar nan da ake ce wa bes. Aikinta a kiɗa shi ne ta kwanta a ƙasa ta goyi sauran kayan. Ba kasafai mai sauraro ke lura da ita ba, sai ranar da babu ita ya ji kiɗan ya yi salam kamar miya ba daddawa.

A Kaduna na saye ta, zamanin ina kanikanci, a hannun wani makaɗi da zai bar gari. Ja ce, fentinta mai kauri, har fuskata nake gani a jikinta. Da aka fara aikin dam ɗin Zobe sai na dawo gida Dutsin-Ma, aka ba ni kula da manyan injuna. A lokacin na doshi hamsin, furfura ta cinye rabin gemuna. 'Yan uwa sun zaci zan jingine jitar in kama carbi. Carbin dai na kama, amma ban jingine ta ba.

Muna da 'yar ƙungiyar kiɗa, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, kuma duk na girme su nesa ba kusa ba. Mukan yi bikin ma'aikata, mu yi Sallah, mu yi Kirsimeti. Mai kula mana da lasifika da wayoyi shi ne abokina, wani Kirista mutumin kudancin Zariya, mai shagon gyaran rediyo a bakin kasuwa. Yaya yake ce min. Mutum ne marar hayaniya, in yana sauraren abu yakan karkata kai ya lumshe ido ɗaya.

Ranar da ba aiki, bayan la'asar, nakan ɗaura batirin mota da ƙaramar lasifika a bayan babur in tafi bakin Zobe ni kaɗai. Lokacin ruwa yana ta taruwa a hankali, yana hawa inda da can gonaki ne. In zauna a kan dutse in ja babbar tsirkiya sau ɗaya, in saki. Sautin yakan bi saman ruwa yana tafiya, ba ya gaggawa, har in ga kamar masuntan da ke can nesa a kansa kwalekwalensu ke yawo. A irin wannan zaman nakan manta ciwon baya, in manta shekaruna. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma a duniyar nan, in ka cire iyalina, babu abin da nake so kamar wannan sautin.

To, sai jitar ta fara shaƙewa. Sautin yana nan, amma kamar an lulluɓe shi da bargo, bakinsa ya dushe. Na ce tsirkiya ce ta sha gumi. Na kwance su na zuba a tukunyar mai ɗakina na tafasa, yadda muke yi a Kaduna. Ta shigo ta tarar da ni tsugune gaban murhu ina juya wayoyi da muciya, ta tambaya ko da tuwo za a ci ko haka nan. Na mayar da su, babu canji. Na aiki wani direba Kano ya zo min da sababbi, su ma babu canji.

Daga nan na koma ɗan gida a shagon abokina. A ƙarƙashin tsirkiya akwai ɗan maganaɗisu naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke ɗaukar sauti ya miƙa wa lasifika. Na ce masa shi ne ya gaji. Ya jona jitar, ya karkata kai ya saurara, ya ce shi dai a nasa jin lafiya take, amma tunda Yaya ya faɗa, ai sai a duba. Ya warware wayar, ya sake naɗa sabuwa da hannu, aikin da ya ci masa yini guda. Bayan wata biyu na dawo na ce a ƙara maganaɗisu na biyu. Kafinta ya fafe masa gurbi, abokina ya dasa. Na karɓo ƙashin ƙafar saniya wurin mahauta, na gurza shi na yi matashin da tsirkiya ke hawa a wuyan jitar. Na sa aka haɗa min akwatin lasifika wanda sai mutum biyu ke ɗagawa. Kowane gyara nakan yi mako guda ina murna, sannan bargon ya dawo.

Abin dariyar shi ne, a wannan tsakanin ba jitar kaɗai ta lalace ba a ganina. Na yi ta ƙorafin cewa yaran zamani ba sa buɗe baki in suna magana. Na tausaya wa ladanin unguwarmu, na ce tsufa ya kama muryarsa. Na ce tsuntsayen bakin dam sun yi ƙaura. Mai ɗakina kuwa ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, kafin ta yi min magana sai ta dafa kafaɗata ta kalli fuskata. Ni kuma na ɗauka soyayya ce ta dawo sabuwa, har na fara sa turare da yamma. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni rufin maƙwabta na yi ta hawa ina liƙewa.

Ana nan sai ƙanen mawaƙinmu ya tashi aure a Kurfi, muka tafi da kayanmu da ɗan janareta. Da rana aka yi, a ƙarƙashin bishiyoyin bedi, wato dogonyaro. Zafi ya sa na tuɓe babbar riga na bar 'yar shara, ga maratayin jitar ya tsinke a hanya, na ƙulle shi ya gajarce, sai jitar ta haye min har ƙirji. Na murɗe ƙara har ƙarshe kamar yadda na saba. A waƙar farko na ga tsofaffin mata suna jan tabarminsu baya, na ce a raina fili suke ba masu rawa.

Daga waƙa ta biyu abin ya juya. Na ji jitata kamar yadda na san ta a Kaduna, kowace tsirkiya da nata ɗumin, yana shigowa yana bin haƙarƙarina har gadon baya. Na rufe ido. Na ga titin da nake bi zuwa gareji ina saurayi, na ga mahaifiyata tana daka a tsakar gida, ƙasa na amsawa a ƙarƙashin ƙafata. Da na buɗe ido mutane sun matso, tsofaffin nan sun dawo da tabarminsu, wata ma ta miƙe tana takawa.

A hanyar dawowa muna bayan akori-kura, na yi ta zuba wa abokina godiya, na ce yau dai gyaranmu ya kama. Sai da muka yi nisa da gari ya matso, ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Yaya, ka yafe ni. Tun waƙa ta biyu na rage lasifikarka, ban bar mata ko rabi ba."

Na ce ban gane ba.

"Na rage, kuma ba ka ji na rage ba. Jitar nan lafiyarta lau tun farko."

Sauran yaran duk suka juya suna kallon gonakin gero kamar ba su taɓa ganin gero ba. A nan na gane kowa ya sani. Da na isa gida na tambayi mai ɗakina, ta ce, "Malam, an daɗe. To wa zai dubi idonka ya faɗa maka?" Haka muke, kara ba ta bari a ce wa babba ya ragu. Gara mutum ya kwana yana naɗa wayar da bai ga laifinta ba. A asibiti suka ce shekarun da na yi a cikin rurin injuna ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Na rataye jitar har damina ta wuce. Na ji kunya, na ji tsoro, don ban san me ake yi da makaɗin da ba ya jin kiɗansa ba. Amma ranar Kurfi ta ƙi barina. In ba ta kunne na ji ta ba, to ta ina? Wata safiya na sauke ta, ban jona ta da komai ba, na manna ta a ƙirji na ja tsirkiya. Ga ta nan, a cikin ƙashina.

Wannan karon gyaran da na yi mata na gaskiya ne. Kafinta ya kankare jan fentin bayanta da fasasshiyar kwalba har katako ya fito tsirara, ya rarake shi kaɗan ya zauna daidai haƙarƙarina, na shafe shi da man kaɗanya. Wani baduku a Kurfi ya ɗinka min maratayi gajere mai faɗi. Sannan na kai wa abokina, na ce daga yau ba ni ba taɓa abin murɗa ƙara, shi ne kunnena. Muka ci gaba da kiɗa shekaru a haka, ni ina ja, shi yana can gefe da karkataccen kansa yana aunawa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin mahaifinsa ya rasu, dole ya koma gida ya riƙe iyali. Kafin ya rufe shago ya ce in zo da jitar da lasifikata. Ya sa ni kaɗawa, ya fita ya tsaya tsallaken titi yana saurare, ya dawo ya ɗan murɗa, ya sake fita har wajen masu kayan miya. Ya yi ta zirga-zirga har rana ta yi sanyi. Da ya gamsu sai ya cire abin murɗawar daga jitar da lasifikar, ya liƙe su da dalma a daidai inda ya tsaya, ya toshe ramin da guntun fata.

"Nan ne daidai, Yaya," ya ce. "Wanda duk ya ce ka ƙara ko ka rage, ka ce mai kunnen ya yi tafiya."

Ban sake ganinsa ba, sai labarin rasuwarsa da ya iso ni bayan an daɗe da binne shi. Nakan yi tunanin wahalar da na ba shi, da nauyin da ya ɗauka kafin ya iya faɗa min gaskiya a bayan motar nan, kuma har yau ban san wanne ya fi zama ƙauna ba, shirun ko maganar. Masu gyara na yanzu sun sha ce min za su sa mata sabon abin murɗawa, ina ce musu a'a. Yanzu kusan ba na jin komai. Amma in jikokina sun taru na ɗauko ta, ni ina jinta a ƙirji, su kuma suna jinta da kunnen wani mutum da ba su taɓa gani ba, kuma ba wanda ya taɓa ce min ta yi ƙara.