Kan Burtun Babana

Babana maharbi ne, a wani ƙauye da ke bakin dajin Falgore. In zai fita, yakan ɗaura busasshen kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane, ya bi ciyawa da rarrafe yana gyaɗa kai. Gada sai ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo, har ya iso inda kibiya za ta same ta.

Mijina kuwa mutumin Yako ne, manomi, ko a mafarki bai taɓa ganin burtu ba. Ya sayi bindigar toka don gadin masara, shi ke nan kai ya kumbura. Da muka je gidanmu lokacin kaka, ya lura kan burtun Baba ya tsage, sai ya ƙudura zai samo wa surukinsa sabo. Ya durƙusa ya tambayi kamannin tsuntsun.

Baba ya ce, "Baƙi ne ƙirin, a ƙasa yake yawo. Amma ba ya kiwo shi kaɗai. In ka ga ɗaya, nemi na biyun. Kama da wane ba ta wane."

Gogan ya riƙe baƙin, ya zubar da sauran.

Washegari da hantsi ina yin itace a bayan gari na ji ƙarar bindiga, sai kuma ihun mijina. Na yar da gatari na ruga. Na tarar da Baba kwance cikin ciyawa, kan burtun ya tarwatse a goshinsa. Gutsattsarin ƙarfe sun yage masa kunci da wuya, jini na tsartuwa. Na cire ɗankwalina na danna a raunin, nan take ya jiƙe, jinin na bin hannuna har gwiwa. Mijina na birgima yana salati. Na ɗauki dutse na jefe shi a baki, ban kuma yi nadama ba.

Baba ya buɗe ido ɗaya, don ɗayan babu shi. Ya dubi mijina.

"Guda nawa ka gani?"

"Ɗaya, Baba."

Baba ya rufe idon. A kan babur ya cika, a ƙirjina, kafin mu kai asibitin Tudun Wada.

Dangi sun ce ƙaddara ce, suka yafe. Ni ma na faɗa da baki. Har yau ina gidan mijina, ina tuƙa masa tuwo. Amma duk ranar da ya ce mini ya ga wani abu da idonsa, sai in tambaye shi guda nawa.