Ranar da Kati Ya Raba Baffa Gida Biyar

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta da katin auren taubashina ba. Ɗan gwaggona ne, tare muka taso a Gaya. Da ya dawo daga Kano da ilimin kwamfuta, sai ya ce shi ba zai buga kati a takarda ba, shafin intanet zai gina da hannunsa.

Ya kuwa gina. A ciki ya rubuta wani ɗan umarni na kwamfuta da ake miƙa wa jerin sunayen mutanen gida, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana liƙa wa kowa "Malam", ya fitar da kati a tura ta waya. Katunan gidajen abokai duk sun tafi lafiya, har tafiyarsa ta canza don taƙama.

Saura waliyyin amarya, yayan mahaifinta da ke Ajingi, dattijon da aka sha wuya kafin ya amince da auren. Taubashina ya ce shi wannan, katinsa shi kaɗai za a yi masa, don girmamawa. Ya rubuta "Baffa", ya tura ba tare da ya duba ba.

Can sai ga amarya ta kira. Ta ce masa ya duba katin da ya tura wa Baffa. Na karɓi wayar na karanta katin: "Muna gayyatar Malam B, Malam a, Malam f, Malam f da Malam a."

Ashe umarnin jeri kawai ya sani. Da aka ba shi suna guda, sai ya ɗauki kowane harafi a matsayin mutum.

Muka hau babur sai Ajingi, ni ina ta cije dariya a bayansa. Muka tarar da dattijon a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa. Taubashina ya durƙusa ya fara kame-kame.

Baffa bai ɗago ba. Ya ce, "Yaro, saƙonka ya iso. Dukanmu za mu zo."

"Baffa, a yi haƙuri, na'ura ce..."

"Sai dai a sani, Malam f na biyu ba ya cin yaji."

Sai da muka ga kafaɗar Baffa na rawa don dariya, sannan taubashina ya yi numfashi.

Muna komawa gida ya gyara umarnin, ya sa ya fara tambaya tukuna: abin da aka ba ni, suna ɗaya ne ko jeri? In ɗaya ne, ya riƙe shi ɗungurungum. Ranar ɗaurin aure kuwa, Baffa ya sa aka ajiye masa kwano biyar, ya raba wa maƙwabta.

Yau taubashina shi ke koyar da matasa wannan aiki, ni kuwa har gobe Malam f nake kiransa. Abin da na koya a ranar shi ne, duk abin da aka miƙo maka, ka tsaya ka ga mene ne kafin ka hau aiki a kansa.